Ƙullin Albarushi a Jakar Hajiya

A shekarun da arzikin man fetur ya sauko wa ƙasar nan, ni aikina shi ne sa hannu a jakunkunan mata. An ɗauke ni a filin jirgi lokacin da labarin masu sace jirage ya cika rediyo, hukuma ta ce daga yanzu ba mai hawa jirgi sai an caje shi. Maza ba za su taɓa mata ba, sai aka shiga neman matan da suka ɗan yi boko. Ni na gama firamare, na taɓa makarantar horon malamai kafin na yi aure, wannan kuwa ya isa. Aka ba ni kaki da ɗankwali ruwan toka, aka nuna mini wani lungu da aka kewaye da labule, da tebura biyu a ciki.

Ba mu da na'ura a lokacin, hannu ne da ido da hanci. Wadda ta koya mini aikin wata Kirista ce mutuniyar ƙasar Zariya, ta girme ni sosai, ba ta da yawan magana. Ita ta ce in riƙa farawa daga ƙasan jaka, don abin da mutum ba ya so a gani can yake tura shi. Ta ce duk ƙunshin da nauyinsa ya fi girmansa in kwance, duk kwalbar da aka naɗe bakinta da tsumma in shinshina. Abin da muke cirewa ba wani abin mamaki ba ne: wuƙa, aska, almakashi, ashana, risho da kananzir. Lokacin aikin hajji shi ne lokacin wahala. Tsofaffi daga ƙauye sukan zo da risho a naɗe cikin zane kamar jariri, da kananzir a kwalbar man shafawa. Har yau ina tuna wata tsohuwa da ta yi kuka a kan wata 'yar wuƙa da ba ta kai tsawon yatsana ba. Ba ta da haƙori, da ita take yayyanka goro. Na karɓe, don haka aka ce in yi. A ranar kuma ina ganin wasu manya sun bi ta wata ƙofa da dogon akwatin bindigar farauta, shugabanmu da kansa ya riƙo musu har gindin jirgi.

Waɗannan manyan na san gidajensu, don a cikinsu nake kwana. Maigidana direba ne a gidan wani Alhaji ɗan kwangila a Nasarawa, mu kuma muna zaune a ɗakunan bayan gida tare da kuku da mai kula da lambu. Gida ne irin na Turawan da, mai faɗin fili da manyan bishiyoyi, ga famfo a bakin ƙofarmu, ga lantarki. A unguwar ba ka jin komai sai kukan tsuntsaye da ƙarar motar da ta wuce. Alhaji siminti da rodi ne suka ɗaga shi a 'yan shekarun, kullum yana hanya, maigidana na gaba yana tuƙi.

Matarsa ɗaya, kowa Hajiya yake ce mata. Ba zan ɓoye alherinta ba, don shi ne ya sa abin ya fi ciwo. Ita ta sa Alhaji ya yi mini magana aka ɗauke ni aikin. Da na haifi 'yata ta fari, uwata tana nesa, Hajiya ce ta tsaya a kan wankan jegona, tana zuwa da kanta ta duba ko ruwan ya yi zafi, tana dama mini kunun kanwa. Da na koma aiki, a ɗakinta yarinyar take yini. Hajiya ba ta kirana sai da "'yata", ni ma har cikin raina na ɗauke ta uwa.

Autanta yana karatu a Ingila. Saurayi ne dogo mai fara'a, idan ya zo hutu har bakin ƙofarmu yake zuwa ya gaishe mu. Sai labari ya zo cewa ciwon ƙoda ya kwantar da shi a asibiti. Alhaji ya je ya dawo, ba ya cewa komai. Daga nan barandar baya ta zama wurin karɓar baƙi. Malamai suna kawo rubutu, masu magani suna kawo saiwa da sassaƙe, duk wanda aka ce ya san wani abu sai Hajiya ta aika a ɗauko shi. Maigadin gidan mutumin ƙasar Katsina ne, shi ya kawo wani maharbi daga garinsu. Na ga maharbin sau ɗaya a zaune gindin darbejiya, da riga duk layu, ni ina wucewa zan tafi aiki. Na gaishe shi na wuce, ban kawo komai a raina ba.

Ranar da Hajiya za ta tafi wurin ɗanta, maigidana ne ya kai ta filin jirgi. Mata sun yi layi a bakin labule. Da aka zo kanta, abokiyar aikina, wadda ta koya mini aikin, ita ce ba kowa a teburinta, amma Hajiya ta tsaya sai da na sallami wadda ke gabana, ta ce gara 'yarta ta taɓa mata kaya. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma ta yi mini murmushi. Ta ɗora wata babbar jakar hannu a tebur.

Na fara daga ƙasa kamar kullum. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa a cikin gwangwani an liƙe bakinsa, yaji, kilishi, man shanu. Ta ce yaron ba ya iya cin abincin asibitin. Ga kwalaben rubutu, na shinshina na mayar. Sai wani gwangwanin madara cike da ƙulle-ƙullen magani. Na riƙa matsa su ɗaya bayan ɗaya, ganye ne da gari, ba nauyi. Ɗaya daga cikinsu an ƙulle shi a baƙin ƙyalle da igiyar fata, girmansa kamar dunƙulen hannu, kuma ya fi sauran nauyi. Da na matsa sai na ji ƙananan ƙwayoyi suna motsi a ƙarƙashin yatsuna, ba laushin gari ba, ba kuma kaushin yashi ba.

Mahaifina maharbi ne, da bindigar toka ya ciyar da mu. Na tashi ina ganin yana ɗura ta a tsakar gida, na san warin abin da yake ɗurawa, na kuma san babban yatsansa na hagu da ya ƙone ya lanƙwashe ranar da tartsatsin wuta ya faɗa cikin ɗan abin da bai kai cikin cokali ba. Tun kafin in kwance igiyar na san abin da ke ciki. Na kwance, na taɓa, yatsuna suka yi baƙi.

Na ce, "Hajiya, wannan fa?"

Ta ce maganin hayaƙi ne.

"Albarushi ne, Hajiya."

Ba ta musa ba. Ta ce ta sani, maharbin ya gaya mata. Ya ce shi ne uwar maganin, ana barbaɗa kaɗan a garwashi tare da sauran, idan babu shi sauran ba sa aiki. Na ce mata ba a shiga jirgi da shi. A lokacin mutane suna shan taba a cikin jirgi, kuma jakar a gindin ƙafarta za ta zauna. Na faɗa mata wannan da murya ƙasa-ƙasa. Na ce ta tafi da duk sauran, wannan kaɗai zan ajiye.

Sai ta kama wuyan hannuna, ta matso da fuskarta kusa da tawa.

"Ɗan'uwanki ne a kwance. Ɗaure ki mayar, ba wanda ya gani."

Abokiyar aikina tana ɗaya teburin, ta duƙar da kai cikin jakar wata mata, amma na san ta ji. Ni kuwa tsaye kawai nake, ƙullin a buɗe a tafin hannuna. Ina jin ɗumin hannun Hajiya, ina jin ƙanshin turaren da nake ji a jikin 'yata kowace yamma idan na ɗauko ta. A waje kuma ina jin hayaniyar waɗanda za su hau jirgin, har da kukan jarirai. Na ce mata ta yi mini rai, ba zan iya ba.

Ta saki hannuna. Ta ce in kira mata babbanmu.

Shugabanmu ya shigo cikin labulen da sauri da ya ji ko wace ce, ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi jikin yaro. Ya dubi abin da ke hannuna. Ina ganin da mu uku ne kawai da ya ɗaure ya mayar mata. To amma ya bar labulen a buɗe, kuma Baturen kamfanin jirgin yana tsaye kusa yana jiran a gama da fasinjoji. Baturen ya leƙo, ya shafa abin da yatsa, ya girgiza kai ya yi gaba. Nan shugabanmu ya juya wajen Hajiya ya shiga ba ta haƙuri. Ya ce yarinya ce, ba ta san mutane ba, da ba ta baje abin a fili ba da an san yadda za a yi, amma yanzu ya fi ƙarfinsa. Ya karɓe ƙullin daga hannuna ya sa a aljihu.

Na kai hannu zan taya Hajiya mayar da kayanta, ta ture shi. Ita ta jera komai da kanta, ta zuge jakar, ta fita ba ta dube ni ba. Da layi ya ƙare, abokiyar aikina ta miƙo mini sabulu ta ce in wanke hannuna. Iyakar abin da ta ce ke nan, amma ta raka ni har bakin famfo.

Kafin in iso gida da la'asar labari ya riga ni. 'Yan dako sun gaya wa maigidana tun bai bar filin jirgin ba. Na same shi yana wanke mota. Na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Sai da na kawo masa abinci ya yi magana.

"Duk filin jirgin nan ke kaɗai ce mai ido?"

Na ce albarushi ne fa, Malam. Ya ce ya ji. Ya ce kullum jirage suna tashi da abin da ya fi wannan, ba wanda ya faɗo. Ya tambaye ni ko na tuna a gidan wa muke kwana, da ruwan wa muke sha. Na ce na tuna. Ya ture kwanon ya fita masallaci.

Yaron bai tashi ba. Bayan 'yan makonni aka bugo waya, Alhaji ya bi jirgi, can aka binne shi. Suka dawo tare da Hajiya, gidan ya cika da masu gaisuwa, motoci har bakin titi. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na shiga cikin masu girki a bayan gida, ina tuƙa tuwo ina hawaye, don ni ma na yi rashi. Da na samu sarari na shiga falon mata tare da matar kuku. Muka durƙusa. Hajiya ta amsa gaisuwar matar kuku. Da na yi tawa, sai ta juya fuskarta wajen bango. Wata ƙanwarta da ke zaune kusa ta ce, yadda kowa zai ji, wasu sai su hana mutum magani sannan su zo gaisuwa. Na tashi da kyar, na rasa takalmina a cikin tarin da ke bakin ƙofa, na tafi ɗakinmu ba takalmi.

Kuku ne ya gaya mini abin da ake faɗa a cikin gida. An ce an yi hayaƙin da sauran magungunan a gidan da Hajiya ta sauka, an kai wa yaron rigar da ta sha hayaƙin, amma da yake babu uwar maganin bai kama ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Alhaji ya san ba haka ba ne. Shi da bakinsa ya gaya wa maigidana a mota cewa tun zuwansa na farko likitoci suka ce ƙodojin sun riga sun lalace, sai dai jiran lokaci. Ya ɓoye wa matarsa don kada ta karaya. Bayan rasuwar ma bai faɗa mata ba. Ina jin ya ga gara ta sami wanda za ta ɗora wa, da ta zauna da baƙin cikinta ba inda za ta sauke shi. Maigidana ma ya sani, na roƙe shi ya faɗa ko ga kuku ne don maganar ta shiga ciki, ya ce maganar mota ba ta fita daga mota.

Da na koma aiki, na kai yarinya ƙofar baya kamar yadda na saba. Mai aikin Hajiya ta karɓe ta. Ban kai bakin get ba ta biyo ni da ita a kafaɗa, da ɗan kofinta da 'yar tabarmar da take kwana a kai, ta ce an ce daga yau in nemi inda zan riƙa ajiye ta. Ranar a bayana ta yini a cikin labulen, ina caje jakunkuna tana jan ɗankwalina.

Bayan sadakar arba'in Alhaji ya kira maigidana. Bai yi faɗa ba. Ya ce Hajiya ba ta iya jure ganina ina ratsa tsakar gida da kakin nan, duk safiya sai ciwon ya dawo mata sabo. Ya ce aikin maigidana yana nan, amma mu nemi wurin zama a waje. Motar gidan ce ta kwashe mana kaya, maigidana da kansa ya tuƙa. Muka sami ɗaki a wani gidan haya a Gama, inda ake layin ruwa tun asuba, ga kwata a bakin ƙofa. Ya riƙa zuwa Nasarawa a keke. Ba a daɗe ba aka ce Alhaji yana bukatar direban da ke kwana a gida, aka ɗauki wani aka ba shi ɗakinmu. Maigidana ya koma tuƙa tifar yashi. Bai sake ni ba, bai ƙara tayar da maganar ba, amma daga lokacin bai sake tambayata yadda na wuni a wurin aiki ba har ya rasu.

A filin jirgi ba wanda ya hukunta ni, ba wanda ya yaba mini. Shugabanmu dai ya ba da umarni cewa idan matar wani babba ta zo a kai ta wurin abokiyar aikina, ko a bi da ita ta ɗaya ƙofar. Aka bar mini 'yan ƙauye da 'yan kasuwa. Ƙullin kuwa na sha ganinsa idan an aike ni ofishinsa. Yana cikin aljihun teburinsa tare da kwalin tabarsa da ashana, wata da watanni. Daga baya ya ba wani maigadi, ya ce ya je ya harbi zabi.

Na daɗe ina jujjuya abin a raina, musamman idan ina tsaye a layin ruwa. Ban taɓa jin cewa na yi ba daidai ba, kuma hakan bai taɓa sanyaya mini zuciya ba. Waɗanda suka hau jirgin nan sun sauka lafiya, ba wanda ya san da ni a cikinsu, wataƙila ma da na mayar da ƙullin haka za su sauka. Waɗanda suka san gaskiyar ciwon yaron maza biyu ne, ɗaya mijina, kuma dukansu suka zaɓi su yi shiru.

Sau ɗaya na sake shiga gidan, bayan shekaru masu yawa, da Alhaji ya rasu. Maigidana ya ce lallai mu je, ya ci arzikin mutumin. An sake maigadi, sabon bai san mu ba, sai da muka yi bayani. An sare bishiyoyin an yi wani gini a inda lambun yake. Na shiga wurin mata. Hajiya ta tsufa, idanunta sun yi rauni, duk wadda ta durƙusa sai ta tambayi ko wace ce. Na faɗa mata ni ce matar tsohon direbansu. Na zaci ba ta gane ba. Can ta ce, "Har yanzu kina aikin nan naki?"

Na ce ina yi, Hajiya.

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta juya wajen wadda ke bayana.

Na fito na sami maigidana yana jirana a bakin get. Motar haya ba ta shiga unguwar, sai muka taka da ƙafa har babban titi, shi a gaba ni a baya, rana tana dukanmu. Bai tambaye ni abin da ta ce ba.